Canza injin tsohuwar mota: wane tsarin wuta ya kamata a ɗora?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motocin ƙauye ranar kasuwa, a Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ya san tsofaffin motoci ba su gama aiki ba. Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda muke kira bashe, da tsofaffin Land Cruiser da Hilux, har yau suna cikin masu ɗaukar buhunan hatsi, awaki da ƴan kasuwa zuwa garuruwan da kwalta ba ta kai ba. 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma an ci gaba da haɗa 504 a masana'antar Peugeot ta Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa kayanta ba su ɓace a kasuwanninmu ba.

Da yawa daga cikin motocin nan gangar jiki ce kawai ta asali. Injin da ke ciki na biyu ne ko na uku, an cire shi daga wata mota an dasa. Mai mota yakan kashe kuɗi mai yawa wajen sayen injin, ya yi ta ciniki kan giya da lagireto, amma idan aka zo ga tsarin wuta sai a ce a ɗora abin da ya samu. Nan matsala take farawa. Inji mai lafiya da aka ɗora wa wutar da ba tasa ba zai sha mai fiye da kima, ya yi zafi, ya rasa ƙarfi a rairayi, wani lokaci ma ya huda fistan cikin ƴan watanni. Ga wanda motar ce abincin gidansa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Me tsarin wuta yake yi?

Injin esansi yana zuƙo iska da mai, fistan ya matse su, sai tartsatsi ya tashi a bakin buji ya kunna su. Batir volt 12 yake bayarwa, alhali tartsatsin na buƙatar dubban volt, sau da yawa sama da 15,000. Bobin ne ke wannan ɗaukakar. Ana barin lantarki ya ratsa shi, sannan a katse shi farat ɗaya. A daidai lokacin katsewar ne babbar wutar ke fita. Delko kuma shi ke raba ta, buji bayan buji, bisa jerin da injin yake bi.

Sunan delko kansa yana da tarihi. Sunan wani kamfani ne na garin Dayton a Amurka, wanda injiniya Charles Kettering yana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma tsarinsa na wutar batir ya hau motocin Cadillac a 1910. Faransawa suka mayar da sunan kamfanin sunan kayan, mu ma muka gada daga gare su. Wanda zai je sayayya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya riƙe cewa sunayen sun bambanta a can: delko shi ne distiributa, bobin shi ne kwayil, buji shi ne fulogi, bis-filatine kuma kwantak.

Aikin ba na wasa ba ne. Inji mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 6,000 a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Kuma kowanne sai ya zo a kan lokaci. Man ba ya ƙonewa nan take, don haka ana kunna shi kafin fistan ya kai ƙololuwar hawansa. Wannan shi ne abans. Idan injin na juyi a hankali, digiri 5 zuwa 10 kan isa. Idan ya ɗauki gudu, yakan nemi 30 ko sama da haka. A tsohon delko abubuwa biyu ke ƙara abans: ƙananan ƙarafa masu sifirin da ke buɗewa idan juyi ya ƙaru, da ɗan gwangwanin da ke gefe wanda tiyo ya haɗa da karbireta, mai bin zuƙar iskar injin.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta fito: tsarin wuta na inji ne, ba na gangar mota ba. Kowane inji da irin abans ɗin da aka auna masa a masana'anta. Delkon 404 mai cc 1,618 yana iya zama daram a injin 504 mai cc 1,971, ya kuma tada shi, amma sifirin ɗinsa ba a auna su don wannan injin ba. A jikin delko akwai lambar da aka buga. Ita ake dubawa, ba kamanni ba.

Zaɓi na farko: bis-filatine

Shi ne tsarin da 404 da yawancin 504 suka zo da shi, a delkon Ducellier, SEV Marchal, Paris-Rhône ko Bosch. Wasu ƙananan ƙarafa biyu ne ke haɗuwa suna rabuwa, su ke katse lantarkin bobin. Kusa da su akwai kwandansa, wanda ke hana su ƙonewa, yana kuma ƙara wa tartsatsi kaifi.

Amfaninsa a fili yake. Yana da araha, kowane bakanike ya san shi, kuma idan ya lalace a daji ana iya gyara shi da sukundireba da ɗan yashin gugar ƙarfe. Ko batir ya yi sanyi, idan aka tura motar takan tashi.

Illarsa ita ce yana cinyewa. Ɗan robar da ke goga a sandar delko yana sudewa, ƙurar hunturu kuma tana hanzarta hakan. Idan ya sude, tazarar bis ɗin takan ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare, mota ta yi nauyi ba tare da direba ya san dalili ba. A Peugeot tazarar wajen milimita 0.40 ce, kuma ya kamata a duba ta kowace kilomita 10,000, ko ƙasa da haka ga mai bin hanyar ƙasa. Sannan sabbin bis da kwandansa da ke kasuwa yanzu ba duka ne ke da ingancin na da ba. Wani kwandansan sabo fil ake ɗora shi, ya mutu da zarar inji ya ɗauki zafi. In kuma sandar delkon kanta ta yi lako-lako, duk saitin da aka yi banza ne, domin tazarar na canzawa a kowane juyi.

Zaɓi na biyu: cire bis a sa na'urar lantarki a tsohon delko

Akwai ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a gurbin bis, cikin delkon da ake da shi. Wasu na aiki da maganaɗisu, kamar na kamfanin Pertronix na Amurka, wasu da haske, kamar na Lumenition na Ingila. Akwai kuma kwaikwayonsu masu araha da yawa. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka saiti ba ya gocewa, tashin safe ma yakan fi sauƙi.

Sai dai na'urar bis kawai ta maye. Ƙarafan abans, sifirin da gwangwanin iska suna nan yadda suke. Idan sun gaji, ko kuma delkon tun farko ba na injin ba ne, ba abin da ta gyara. Kuma ba ta yafe kuskure: a juya wayoyinta biyu sau ɗaya, ko a bar makulli a buɗe inji a kashe na tsawon lokaci, wasunsu sukan ƙone. Ranar da ta mutu kuwa babu gyara, sai canji. Wanda ya zaɓe ta ya nannaɗe tsohon bis da kwandansa a tsumma ya ajiye a mota.

Zaɓi na uku: delkon lantarki na asalin injin

Tun shekarun 1970 kamfanoni suka fara barin bis. Chrysler ya mayar da wutar lantarki ta dukkan motocinsa na Amurka a 1973, General Motors ya biyo da tsarinsa na HEI a tsakiyar shekarun, sannan Turai da Japan suka bi sahu. A irin wannan delko, wani ƙarfe mai haƙora ne ke wucewa gaban ɗan naɗin waya, modul ya karɓi saƙon ya katse bobin. Injinan Toyota masu karbireta da ake yawan dasawa, irin su 22R mai lita 2.4 da 4Y mai lita 2.2, da yawansu haka suke zuwa. A wasu 3Y da 4Y ma bobin da modul duk suna cikin delkon, wutar makulli kawai za a kai masa.

Idan injin da aka saya da irin wannan ya zo, babu dalilin cire shi. An auna shi don injin, wutarsa ta fi ta bis ƙarfi, kuma ba ya neman saiti kowane wata. Abin da za a kiyaye shi ne a karɓo shi cikakke tun wurin mai sayarwa: delko, modul, bobin da ƴan wayoyin da ke haɗa su. Injinan Kwatano sau da yawa da yankakkun wayoyi suke isowa, modul ɗin kuma ya tsaya a jikin motar da aka fasa. Neman wanda ya dace daga baya, a Katako ko wurin masu kayan okaziyo, yakan ci kwanaki da kuɗi.

Babban abokin gaban modul zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, ƙarƙashin bonet ya fi haka nesa. A ɗaure modul a kan faranti na alminiyom, nesa da bututun hayaƙi, a shafa masa farin man nan mai ɗauke zafi a bayansa. Alamar modul ko bobin da zafi ya gajiyar sananniya ce: mota ta mutu bayan tafiya mai nisa, a jira ta huce, ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Zaɓi na huɗu: inji mai ƙwaƙwalwa

Sabbin injina masu injekta, kamar 3RZ-FE ko 1FZ-FE na Toyota, ƙwaƙwalwar lantarki ce ke yanke lokacin wuta da yawan mai. Tana karɓar saƙo daga na'urorin da ke auna juyin injin, zafin ruwa da iskar da ke shiga. Wasu ba su da delko ma sam, kowane buji ko kowane biyu da nasu bobin. Irin wannan inji ya fi tsimin mai da ƙarfi, amma ba a sayensa tsirara. Sai da ƙwaƙwalwarsa, da dukkan tarin wayoyinsa, da famfon mai mai matsi. Idan motar da aka cire shi tana da makullin hana sata, kamar yawancin motocin Turai tun ƙarshen shekarun 1990, sai an haɗo da makullin da akwatinsa, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ba za ta ba da wuta ba.

A nan ne ake yawan faɗawa rami. Don gudun wahalar wayoyi, sai a cire injekta a ɗora karbireta, a bar delkon da ya zo da injin. Delkon inji mai ƙwaƙwalwa kuwa galibi ba shi da ƙarafan abans, ba shi da gwangwanin iska, domin ƙwaƙwalwa ce ke wannan aikin. Idan aka yi dabara ya ba da wuta, a wuri ɗaya za ta tsaya komai gudun injin. In an saita ta don tashi, mota ba ta da ƙarfi a hanya kuma tana tafasa. In an saita ta don hanya, tana bugun sitata da safe. Gwajin mai sauƙi ne. A buɗe hular delko, a murɗa yatsan da ke tsakiya da hannu: na kirki zai ɗan juya ya dawo da kansa. A zuƙi tiyon gwangwanin da baki: farantin ciki zai motsa. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ba na karbireta ba ne.

Akwai kuma delko na zamani da ake tsara abans ɗinsa da kwamfuta ko wayar salula, kamar na 123ignition da ake yi a Holan don tsofaffin motocin Turai. Masu adana tsofaffin motoci don sha'awa suna son sa. Sai an yi odarsa daga waje, yana da tsada, kuma idan ya lalace a hanyar Abalak babu mai na biyu a kusa.

Bobin ba duka ɗaya ba ne

Kuskuren da ya fi kowane yawa a garajojinmu shi ne ɗaukar kowane bobin a ɗora. A ido duk kama suke, amma mita tana nuna bambanci idan aka auna tsakanin ƙananan kusoshinsa biyu. Na bis da ke shan volt 12 kai tsaye yana da wajen om 3. Akwai mai wajen om 1.5, wanda dole sai da rezistans, ɗan farin tangaran ɗin nan da ake gani a jikin bobin na tsofaffin Toyota. Na wutar lantarki kuma sau da yawa bai kai om 1 ba.

Lissafin a bayyane yake. Volt 12 a kan om 3 amfiya 4 ne, abin da bis ke iya ɗauka ke nan. Volt 12 a kan om 1.5 amfiya 8 ne, ninki biyu. Wanda ya ɗora bobin mai om 1.5 a wayar Peugeot ba tare da rezistans ba, zai yi ta canza bis yana zargin mai shago. Akasin haka ma yana faruwa: na'urar lantarki mai neman cikakken volt 12, a ba ta wuta ta bayan rezistans, sai ta riƙa yankewa.

Buji ma na injin ake saya. Tsawon zarensa da jurewar zafinsa sun bambanta. Wanda ya yi tsawo yana iya taɓa fistan. Tazarar bakinsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce a tsarin bis, 0.8 zuwa 1.1 a na lantarki. Manyan wayoyin buji masu jan ƙarfe zalla a ciki suna rikita modul da ƙwaƙwalwa, don haka masu hana hayaniyar lantarki ake sa musu.

Ranar tada injin

Kafin a murɗa makulli, a tabbatar da jerin wuta. Injinan Peugeot da Toyota masu silinda 4 suna bin 1-3-4-2. Mai silinda 6 na Land Cruiser, kamar 2F, yana bin 1-5-3-6-2-4. Amma a kula: a injinan Faransa da yawa ana fara ƙirga silinda daga gefen giya, Toyota kuwa daga gaba, wajen fanka. A duba kuma ta wane gefe yatsan delko ke juyawa.

Saiti da kunne kawai ba ya isa ga injin da aka kashe wa kuɗi. A yi amfani da fitilar saiti mai ƙyaftawa, a duba alamar da ke jikin fule, a ga abans yana ƙaruwa idan an taka totur. Sannan a fita hanya da injin da ya yi zafi, a sa giya ta 4 a gudun kilomita 40 zuwa 50, a taka sosai. Idan aka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, wuta ta yi gaba da yawa. A mayar da ita baya kaɗan. A tuna delko rabin juyin injin yake yi, saboda haka digiri 1 a jikinsa digiri 2 ne a inji. Wannan ƙarar ita ke huda fistan, kuma ta fi tashi da zafi, da lodi, da man da ba shi da ƙarfi. Man gidan mai, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011, da na kwalba da ake saye a bakin hanya wurin ƴan ruwa-ruwa, ba kullum suke ɗaya ba. Wanda ya san yana shan na kwalba ya bar ɗan sarari a saitinsa.

Wasu ɗabi'u da tsohon tsari ya jure, na lantarki ba ya jurewa. Cire kan batir inji na aiki don a gwada altaneta yana iya ƙone modul ko ƙwaƙwalwa nan take. Da mita ake gwadawa, ta nuna volt 13.5 zuwa 14.5. Kafin walda a jikin mota a cire batir da filogin ƙwaƙwalwa. A sa waya mai kauri tsakanin inji da shasi, domin bayan dashe ana yawan mance ta. Kada kuma a riƙe wayar buji da hannu don ganin wuta: ta lantarki tana iya wuce volt 30,000, tartsatsi kusa da karbireta mai yoyo kuma gobara ce.

Wanda ya koma injin gazuwal, kamar Indenor XD2 na 504, duk wannan bai shafe shi ba. Gazuwal matsi ne ke kunna shi. Abin da zai haɗa shi ne bujin ɗumama inji da hanyar kashe shi. Amma tunda katin mota yana ɗauke da irin man da take sha da ƙarfinta, ya je ya gyara takardu ya kuma sanar da kamfanin inshora.

To wanne za a ɗauka?

Amsar tana ga injin da kuma hanyar da motar ke bi. Idan injin mai karbireta ne kuma ya zo da delkon lantarkinsa, a bar masa abinsa, a sayi modul na biyu a ajiye. Idan tsohon injin Peugeot ne mai bis, delkonsa kuma yana da lafiya, mai zirga-zirga cikin Yamai ko Maraɗi zai huta da na'urar lantarki. Mai bin kasuwannin daji, wajen Dakwaro ko Tanut, inda garaji mafi kusa tafiyar rabin yini ce, bis bai zama abin kunya gare shi ba, muddin yana duba shi kuma yana da na canji. Idan injin mai ƙwaƙwalwa ne, ko a ɗauke shi da kayansa duka tare da mai gyaran wayar da ya taɓa yin irin aikin, ko a nemi wani injin.

Kowanne aka zaɓa, a rubuta a takarda sunan injin, lambar delko, irin bobin da buji, da digirin da aka saita, a ajiye tare da takardun mota. Bakaniken da zai buɗe bonet a wani gari ba zai ga abin da littafin 504 ya faɗa ba, kuma wannan ƴar takardar ce za ta hana shi ɗora abin da ya samu.